Kuɗin da nake biyan akantan kamfanina, har da harajin kaina a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan kamfanin sayar da kayan gini a Kano, mai Limited a ƙarshen sunansa. Shekara huɗu ke nan da na yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ni da ƙanina ne daraktoci. Tun daga lokacin akwai akantan da nake biya duk shekara, shi yake haɗa lissafin kamfani ya kai hukumar haraji. Kwanan baya na je neman takardar mallakar wani fili da na saya da sunana, aka ce sai na kawo shaidar biyan harajina ni kaina. Da na koma wurin akantan sai ya ce wannan ba ya cikin aikinsa, in ina so ya yi sai na ƙara kuɗi. Ni kuwa a ganina ai ni ne kamfanin, kamfanin ne ni. Wannan ba cuta ba ce? In kuma dole ne in biya, zan iya fitarwa daga asusun kamfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Neman ƙarin kuɗin da ya yi ba cuta ba ne, matuƙar ba ku taɓa yin magana da shi cewa harajin kanka yana cikin aikin ba. Amma ban wanke shi gaba ɗaya ba. Mutumin da ya shekara huɗu yana duba littattafanka, bai taɓa tambayarka ko wa yake kula da naka harajin ba, ya bar wani haƙƙi da ke wuyansa. Kai ɗan kasuwa ne, siminti da rodi ka sani. Shi ne ya san akwai wata ƙofa da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba, kuma faɗa maka hakan ba zai ci masa minti biyar ba.

Tushen ruɗanin yana cikin maganarka, inda ka ce kai ne kamfanin. A kasuwa haka ne, kowa a layinku ya san shagon Alhaji ne. A gaban doka kuwa, ranar da CAC ta miƙa maka satifiket an haifi mutum na biyu. Yana iya mallakar mota da sunansa, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya tilo ya kafa irin wannan kamfani, kuma duk da haka shi daban ne, kamfanin daban. Wannan rabuwar ita ce garkuwarka: in kamfani ya karye da bashi, ba a zuwa a sayar da gidan da iyalinka suke ciki, sai fa in kai da kanka ka sa hannu ka tsaya masa. To garkuwar tana da farashi, kuma farashin shi ne fayil biyu na haraji maimakon ɗaya.

Fayilolin nan ba ma a ofis ɗaya suke ba. Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne, hukumar da muka sani da FIRS ce take karɓa, wadda sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mayar da ita NRS daga Janairun 2026. Harajin kuɗin shigarka kuwa na jihar da kake zaune ne, wato a wurinka hukumar tara haraji ta jihar Kano. Ranakun ma sun sha bamban. Kamfani yana da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa, saboda haka wanda yake rufewa a Disamba yana da zuwa 30 ga Yuni. Kai kuma ana jiran bayananka zuwa 31 ga Maris. Shi ya sa akanta zai iya yi wa kamfani aiki tsaf, babu ko ɗigon kuskure, alhali sunanka ba ya cikin kowane kundi a jiha.

Sai dai akwai wani aiki da yake tsakiya, kuma shi nake so ka fara bincikawa kafin ku yi cinikin komai. Shin kamfanin yana biyanka albashi a rubuce? In yana biya, wajibin kamfani ne ya cire harajin albashin nan, wanda ake kira PAYE, ya tura wa jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, sannan zuwa 31 ga Janairu ya kai jerin duk waɗanda ya biya albashi a shekarar da ta wuce da abin da ya cire musu. Wannan aikin kamfani ne tsantsa, ko da sunanka da na ƙaninka ne kawai a jerin. Akantan da yake karɓar kuɗin shekara ba shi da hujjar cewa bai shafe shi ba. In an kasance ana yin wannan, to rabin hanyar samun takardarka an riga an ci, sai dai a ƙarasa. In kuwa ka tambaye shi rasit ɗin PAYE ya fara kame-kame, to matsalar ta wuce batun ƙarin kuɗi, aikin da ka biya ma bai cika ba.

Abin da na fi gani a wurin masu ƙananan kamfanoni shi ne babu albashin ma sam. Na taɓa zama da wani bawan Allah mai sana'a kusa da taka, ya zo da takardun banki na shekara guda a cikin leda. Muka shimfiɗa su a kan tebur ina bi da biro layi-layi. Ga kuɗin tirelar siminti, ƙarƙashinsa kuɗin makarantar yara, sai lada na masu sauke kaya, sai ragon layya, sai asibitin mahaifiyarsa, duk daga asusu ɗaya na kamfani. Na ce masa, Alhaji nawa ne albashinka? Ya dube ni da mamaki ya ce, wa zai biya ni albashi a dukiyata? Mutumin kirki ne, bai ɓoye kwabo ba. Amma kwana uku muka yi muna tsefe takardun nan kafin mu iya cewa ga abin da kamfani ya kashe, ga abin da ya shiga aljihunsa. Duk wanda ya ce harajin mai kamfani cike fom ne kawai, bai taɓa zama gaban irin wannan ledar ba.

Kuma bayanan harajin mutum ba a kan abin da ya samu daga kamfani kaɗai suke tsayawa ba. Kuɗin hayar shaguna ko gidaje in kana da su, wata sana'ar gefe da kake yi da sunanka, alawus ɗin zama darakta a wani kamfanin, duk suna shiga. Babu ɗaya daga cikinsu da akanta zai gani a littafin kamfaninka, sai ka kawo masa. Wani mai kamfanin albashinsa ne kawai, aikin awa biyu ne. Wani yana da gidajen haya a Kano da Abuja da hannun jari a wurare uku. Ba adalci ba ne a ce kuɗi ɗaya da aka yanka don lissafin kamfani ya ɗauki duka biyun ba tare da an duba ba.

Ga kuma ƙaninka. In aka ce kuɗin kamfani ya haɗa da harajin darakta, na wane daraktan? Naka kaɗai, ko har da nasa? In yana da kaso a kamfanin, duk nairar da aka fitar don hidimar kanka da tasa a ciki. Tsakanin 'yan uwa irin wannan ƙaramin abu ne da ba a magana a kai, sai ranar da aka zo rabuwa ko rabon gado a tono shi. Bayan haka akwai sirri. Lissafin kamfani ƙaninka yana da damar gani duk lokacin da ya so, amma abin da kake samu a hayar gidajenka ba huruminsa ba ne, kamar yadda nasa ba naka ba ne.

Batun biya daga asusun kamfani kuwa, ƙa'idar ita ce kamfani yana cire abin da ya kashe daga ribarsa ne kawai in an kashe shi kacokan don neman wannan ribar. Ladan wanda ya shirya maka harajin kanka ba ya cikin wannan. In aka cusa shi cikin kuɗin akanta aka yi shiru, ranar da masu binciken haraji suka zo za su fitar da shi su mayar kan riba. Hanya mafi tsabta ita ce ka biya daga aljihunka, a rubuta rasit da sunanka. In kuwa ya zama dole kuɗin ya fita ta asusun kamfani, to a lissafa shi cikin albashinka a cire masa haraji. Kada ka ce ai kamfanina ƙarami ne, ba ya biyan harajin riba. Gaskiya ne tun dokar kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba an yafe masa, sabuwar dokar ma ta ɗaga wannan iyakar. Amma yafe biya ba yafe kai bayanai ba ne, kuma ita jiha ba ruwanta da wannan rangwamen. Abin da kamfani ya kashe a kanka, a idonta samu ne ka yi.

Ga masu karatu da rajistarsu ta sunan kasuwanci ce kawai, ba Limited ba, hukuncinku daban ne. A nan da gaske mai shago shi ne shagon. Ribar kasuwancin ita ce kuɗin shigarsa, kuma jiha ce take karɓar harajin. Akantan da ya haɗa lissafin irin wannan kasuwanci sannan ya ce kai bayanan haraji wani aiki ne daban, ya raba abin da ba ya rabuwa.

Ra'ayina a kan irin kamfaninka shi ne akanta ɗaya ya riƙe duka biyun, amma kowanne da farashinsa a rubuce. Dalilin haɗa su a hannu ɗaya shi ne dole alƙaluman su yi daidai da juna. Albashin da littafin kamfani ya ce an biya ka, shi ne zai bayyana a bayananka na jiha. In mutum biyu da ba sa magana da juna suka shirya su, sai ka ga nan an rubuta wani abu can wani abu, kuma kai za a kira ka yi bayani. Sannan wanda yake ganin ɓangarorin biyu shi ne zai iya ba ka shawarar nawa ya kamata ka ɗauka a albashi, nawa a rabon riba. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara babu haraji a kansu, daga nan yake hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 cikin 100 ga manyan masu samu, rabon riba kuma ana cire masa kashi 10 cikin 100 tun daga tushe. Wanda yake zaune a gidan haya ma akwai rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar, iyakarsa naira 500,000, kuma sai ka bayyana hayar ake ba ka shi.

Ba na son tsarin da wasu abokan aikina suke yi na cewa harajin kanka kyauta ne, yana ciki. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma na ga ƙarshensa sau da yawa. Aikin da aka ce kyauta ne shi ake bari sai ƙarshe, in Maris ya wuce ba a kai ba babu wanda za ka riƙe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to sai an ambaci ladan tukuna askin yake zama dole. Gara a ce maka naira kaza ne na kamfani, naira kaza ne naka, ka san abin da ka saya.

Yanzu abin yi. Ka kira shi ku zauna, ba faɗa ba. Ka nemi ya nuna maka abin da ya kai wa hukumar tarayya a shekarun nan huɗu, da bayanan shekara-shekara na CAC, da rasit ɗin PAYE in akwai. Daga nan ku rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, a jera ayyukan kamfani da kuɗinsu a gefe guda, naka a wani gefen, ƙaninka ma ya yi tasa in yana so. Duk akantan da yake ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, ko ɗan ƙungiyar masana haraji ta CITN, ya san irin wannan takardar, ba zai ji baƙon abu ba.

Ka kuma shirya ranka cewa takardar shaidar biyan haraji tana duba shekara uku da suka wuce ne, ba ta bana kaɗai ba. Saboda haka aikin wannan karon zai fi na shekaru masu zuwa nauyi da tsada, don sai an koma baya an gyara. Ka je da alƙalumanka a shirye, domin wanda ya je hannu rabbana jami'an haraji suna da ikon yi masa ƙiyasi da kansu, kuma ƙiyasin ba kasafai yake zuwa da sauƙi ba. Jinkirin ma yanzu yana da tsada: sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na rashin kai bayanai, da 50,000 a kowane wata bayansa.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi. Saboda gaggawar filin nan, za ka haɗu da masu cewa kawo kaza su fito maka da takardar gobe. Kada ka ba su. Takardar da ba ta da tushe a kundin hukuma za ta iya jawo maka matsala a kan filin kansa bayan shekaru. Ladan akanta ka ba akanta, harajin kuwa ka biya shi kai tsaye a asusun gwamnatin jiha, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka da lambar harajinka, ka ajiye shi tare da takardun filin.