Wane Itace Ke Jure Hunturun Dakota?

Yarona, ka tambaya me ya sa shingen itatuwa na tare iska a jihohin Dakota na Amurka ke bukatar itatuwan da ba sa kaɗe ganye, kuma wanne ake dasawa a ina. Fara da sanin ƙasar tukuna.

Dakota ta Arewa da ta Kudu galibi fili ne fetal na ciyawa. A ta Arewa, daji bai kai kashi 2 cikin 100 na ƙasar ba. Kogin Mizuri ya ratsa su duka biyu: gabas da shi ƙasa baƙa ce mai albarka, ruwan shekara yakan kai milimita 500, yamma kuwa yakan sauka zuwa wajen 350. Da hunturu iska na kaɗowa daga arewa maso yamma, sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Lokacin ne aka fi bukatar shinge, kuma lokacin ne sauran itatuwa suka zama tsirara. Masu ganye irin na allura su ne ke tsayawa da rigarsu.

A yamma mai fari, ka riƙe junifar duwatsun Roki da fain ɗin fondarosa, wanda ya lulluɓe tsaunukan Black Hills na yammacin Dakota ta Kudu. Fondarosa na sakin rassan ƙasa idan ya girma, don haka sai a sa masa layin junifa ta ɓangaren iska ya toshe ƙasan. A gabas mai laima, sifurus (spruce) na Black Hills, itacen tambarin Dakota ta Kudu, ya fi shuɗin sifurus na Kolorado aminci a ganina. Shuɗin ya fi ɗaukar ido, amma cutar fumfuna kan zubar masa da ganye daga ƙasa zuwa sama in ya samu laima da cunkoso. Jan sida, wani nau'in junifa, na da juriya ƙwarai, sai dai tsuntsaye na baza irinsa har ya cinye makiyaya, kamar yadda ya yi a jihar Nebraska da ke kudu da Dakota. Kada ka kai shi kusa da gonar tuffa, suna musayar cutar tsatsa.

Shinge a arewa da yammacin gida ake yinsa, a bar aƙalla mita 30 tsakani, in ba haka ba dusar ƙanƙara za ta taru a ƙofar gida. Kariyarsa takan kai ninki 10 na tsayinsa. Junifa mita 2 tsakani, fain da sifurus mita 3 zuwa 4, layi da layi mita 5.

Ana dashe a Afrilu ko Mayu, da zarar ƙasa ta narke. Saiwar tsiro ta zauna a jiƙe har ta shiga rami. Mintuna kaɗan a rana da iska sun isa su kashe ta. Ramin ya yi zurfin da saiwa za ta miƙe, domin wadda ta lanƙwashe sama ba ta yin itacen kirki.

Wani abin da ke kashe ƙananan itatuwa shi ne ƙunar hunturu. Ƙasa ta daskare, saiwa ba ta shan ruwa, ganye kuma na ci gaba da rasa shi ga iska da rana, sai bazara ta zo ka ga gefen kudu da yamma ya yi ja. Maganinsa ban ruwa sosai a Oktoba kafin ƙasa ta ƙulle. In ka shimfiɗa baƙin yadin hana ciyawa, ka riƙa faɗaɗa hudarsa duk 'yan shekaru, don kada ya shaƙe gindin idan ya yi kauri.