Ina da juna biyu kuma an ce ina da ciwon hanta nau'in B: wane gwaji ne ke nuna ko jaririna zai kamu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Cikina wata biyar. A wajen awo an ce an ga HBsAg a jinina, amma ba a ga HBeAg ba. Yanzu kuma an turo ni wani gwaji mai tsada na ƙidayar ƙwayar cutar. Tunda na biyun ya fito lafiya, shin dole ne in yi wannan ɗin?

Amsa: Malama, Allah Ya sauke ki lafiya. Gwaje-gwajen nan uku kowanne da tambayar da yake amsawa, shi ya sa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya gaba ɗaya.

HBsAg wani sinadari ne da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar. Ganinsa a jini yana nuna cewa ƙwayar tana jikinki, amma ba ya faɗin yawanta. HBeAg kuwa yakan bayyana ne lokacin da ƙwayar ke hayayyafa da ƙarfi. Idan uwa tana da shi kuma ba a yi wa jariri komai ba, jarirai 70 zuwa 90 cikin 100 sukan kamu, galibi a lokacin naƙuda da haihuwa, sa'ad da jariri yake cuɗanya da jinin uwa. Rashin ganinsa a jininki albishir ne, domin haɗarin ya ragu sosai.

Sai dai raguwa daban, gushewa daban. Akwai nau'o'in ƙwayar da suka sauya halitta suka daina fitar da HBeAg, alhali suna ci gaba da yawaita a cikin hanta. Mace mai irin wannan takardarta za ta fito kamar taki, ƙwayar kuwa tana da yawa a jininta. Gwajin ƙidayar, wanda ake rubutawa HBV DNA, shi ne ke auna yawan ƙwayar kai tsaye, kuma a cikin ukun shi ya fi iya hasashen abin da zai sami jariri. Idan kika karɓo takardar, ki duba lambar da ke gaban IU/mL. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 200,000: a shawararta ta wancan lokacin, wadda ta kai nan ko ta haura, ta ce a ba ta maganin tenofovir, ɗaya a rana, daga mako na 28 har zuwa haihuwa aƙalla. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin kan mata 200 masu yawan ƙwayar, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa kamuwar jarirai ta sauko daga kashi 18 zuwa kashi 5 cikin 100 a rukunin da ya sha maganin, duk da cewa jariran rukunonin biyu sun sami rigakafi.

Don haka shawarata ita ce, idan da hali ki yi, kuma yanzu, tun cikin bai kai wata bakwai ba. Idan babu hali, hukumar ta yarda a yi aiki da HBeAg a madadinsa, sai ki gaya wa likitanki gaskiyar aljihunki ku yanke shawara tare. Ki roƙi a duba miki ALT ma. Wannan lafiyar hantarki yake nunawa, ba haɗarin jariri ba, kuma yakan hau bayan haihuwa, musamman ga wadda ta daina shan magani.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin takardun nan. Komai ƙanƙantar lambar da ta fito, jaririnki yana buƙatar allurar rigakafin wannan cuta cikin awa 24 na farko, sannan sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. A wurarenmu sau da yawa mace takan haihu a gida, a ce sai an yi suna za a kai yaro asibiti, ranar da aka kai shi kuwa lokacin da allurar ta fi amfani ya riga ya wuce. Jaririn da ya kamu a haihuwa, kusan 90 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, alhali a manya ba su kai 5 cikin 100 ba. Ki haihu a asibiti, ki tambaya tun yanzu ko suna da allurar a firjinsu ko da dare ne ko ranar hutu, da kuma HBIG, allurar garkuwa da ake haɗawa da ita inda ake samunta.

Ba a yin tiyatar ciro jariri don wannan cuta kaɗai, kuma za ki shayar da nono. Idan yaro ya kai wata 9 zuwa 12, a gwada jininsa: ana so a rasa HBsAg, a sami anti-HBs, wato garkuwar da rigakafin ya gina masa. Maigida da yaran gidan su ma su je a gwada su.