Me ya sa 'yan matan Amurka na da suke ɗinka haruffa a ƙyalle?

Kin tambayi amfanin ƙyallayen da 'yan matan Amurka na ƙarni na 18 suke cikawa da haruffa. Ba ado kaɗai ba ne. Yadi na da tsada a lokacin, shi ya sa ake ɗinka harafin sunan mai shi a zanen gado, kada ya ɓace wajen wanki. A ƙyallen nan yarinya ke koyon hannu. Na wata yarinya mai suna Loara Standish, tun ƙarni na 17, yana gidan tarihin Pilgrim Hall a garin Plymouth na Amurka.

Duk aikin allura ne, don sai 1846 wani Ba'amurke, Elias Howe, ya yi rajistar keken ɗinkin da ya ƙera. In kin samu irin wannan ƙyallen, don Allah kada ki wanke, launin zaren kan zuba. Ki nemi masu adana kayan tarihi.