Alkaliniti na sauka, kalsiyam na tsaye: me zan zuba wa tankin murjanina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin ruwan gishiri da nake kiwon murjanin teku mai rai a ciki, mai cin lita 300, wata takwas ke nan da kafa shi. Da farko murjani masu laushi kawai na sa, amma wata biyu da suka wuce na ƙaro masu tauri, Montipora ɗaya da Acropora biyu. Tun daga nan alkaliniti ya ƙi zama. In na auna yau na ga 8.4 dKH (ma'aunin alkaliniti ke nan), jibi sai in tarar ya koma 7.0. Kalsiyam kuwa kullum yana nan wajen 420 ppm (kashi cikin miliyan), kamar ba a taɓa shi. Shin alkaliniti kaɗai zan riƙa ƙarawa in ƙyale kalsiyam? Sannan ran nan na haɗa ruwan maganin biyu, na ƙara alkaliniti da na ƙara kalsiyam, a kofi ɗaya don in huta da zubawa sau biyu, nan take ya koma fari fat kamar madara. Na juye shi hakanan, ruwan tankin ya yi hazo. Na ɓata wani abu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara kwantar maka da hankali: saukar alkalinitin nan albishir ne. Ruwa ba ya tsami banza. Murjanin da ka ƙaro sun kama, sun fara gini, shi ya sa suke cin kayan da ke cikin ruwan. Sai dai kalsiyam ɗinka ma yana sauka, kayan awonka ne ba sa iya nuna maka.

Murjani mai tauri yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam kabonet, nau'in da ake kira aragonayit. Ginin nan yana bukatar abu biyu tare, kalsiyam da kabonet, kuma abin da muke kira alkaliniti shi ne awon kabonet da baikabonet da ke narke a ruwan. Murjani ba ya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya. Duk lokacin da ya cinye 2.8 dKH na alkaliniti, ya cinye kusan 20 ppm na kalsiyam ke nan. Wato kowane 1 dKH yana tafiya da kimanin 7 ppm. Haka jajayen gansakukan nan masu tauri da ke manne wa duwatsu da gilashi suke ci, haka manyan kifin kwasfa irin Tridacna suke ci.

To dubi lissafinka. Ka rasa 1.4 dKH a kwana biyu, wato 0.7 a rana. Kalsiyam ɗin da ya tafi tare da shi bai wuce 5 ppm a rana ba, 10 ppm a kwana biyu. Kayan awon kalsiyam na ɗiga-ɗiga da muke amfani da su a gida, kuskurensu kaɗai yakan kai 10 zuwa 20 ppm, ya danganta da yadda hannunka ya matsa sirinji da yadda idonka ya ga sauyin launi. Daga 420 zuwa 410 ba za ka gani ba. Ruwan teku na asali yana ɗauke da kalsiyam kusan 420 ppm da alkaliniti kusan 7 dKH, kuma ko da murjani zai lashe alkalinitin nan ƙarƙaf, kalsiyam ɗin da zai ragu bai wuce 50 ppm ba. Rumbun kalsiyam babba ne, na alkaliniti ɗan mitsitsi ne. Ka ɗebi cokali ɗaya daga kowanne, a ƙaramin za ka fara ganin gurbi. Ƙari a kan haka, in kana canjin ruwa a kai a kai, wasu gishirin tanki suna zuwa da kalsiyam sama da na teku, sai su riƙa cike maka giɓin ba ka sani ba.

Don haka in ka ce alkaliniti kaɗai za ka zuba, mako na farko ba za ka ga komai ba. Amma 5 ppm sau 30 ya kama 150 ppm a wata. Wata rana za ka auna ka ga 330, ka rasa inda aka kwana. Ka zuba duka biyun, daidai gwargwadon yadda ake cin su, alkaliniti kuma ya zama ma'auninka na yau da kullum. Shi ne yake fara magana.

Yanzu nawa za ka zuba? Kada ka yi lissafi da lita 300. Duwatsu da yashi sun ci wuri, kuma ba a cika tanki har baki. Bari mu ɗauka ruwan gaske lita 250 ne. In kana da ƙaramin tankin tacewa a ƙasa, ka haɗa da ruwansa. Giram 3 na sodiyam baikabonet, wato bekin soda, yana ɗaga lita 100 da 1 dKH. Na ce bekin soda, ka lura, ban ce bekin foda ba; shi wannan an gauraya shi da asid da sitaci, yawanci har da fosfet, bai da hurumi kusa da tanki. A lita 250, don maida 0.7 dKH, kana bukatar giram 5 da kwata a rana. Abokin tafiyarsa shi ne kalsiyam kulorayid, nau'in da ke ɗauke da ruwa biyu a jikinsa, wanda kusan kashi 27 cikin 100 na nauyinsa ne kalsiyam, giram 4.6 a rana zai maida maka 5 ppm ɗin nan.

Auna giram kullum akwai gajiya, don haka ka yi haɗin ajiya. Narka giram 75 na bekin soda a ruwan da matatar RO ta tace (matatar da ke cire gishiri da ma'adanai daga ruwa), ka cika shi lita ɗaya. A wata kwalba daban, narka giram 66 na kalsiyam kulorayid, shi ma lita ɗaya. Za ka ji kwalbar ta ɗan yi ɗumi a hannunka, haka yake yi in yana narkewa. Mililita 70 daga kowace kwalba a rana, shi ne adadinka. Ka rubuta suna a jikin kowacce da manyan baƙi, kowacce kuma da sirinjinta. In kuwa maganin da kake da shi na kamfani ne, a jikin kwalbar akan rubuta nawa mililita ɗaya ke ɗagawa a lita kaza. Ka yi wannan lissafin da nasu adadin. Abin da ba na so shi ne ka bi "zuba marfi ɗaya kullum" ido rufe, don wanda ya rubuta hakan bai san murjani nawa ke tankinka ba.

Wannan adadi na farawa ne kawai. Ka riƙa auna alkaliniti kullum na tsawon mako ɗaya, a lokaci guda, kafin ka zuba maganin ranar. Lokacin yana da muhimmanci, domin murjani ya fi gini in fitila na kunne, awon safe da na dare ba za su zo ɗaya ba. In ka ga yana zamewa ƙasa, ƙara kashi goma cikin ɗari a duka kwalaben biyu. In yana hawa, rage haka. Da ya tsaya, awo sau biyu a mako ya isa, kalsiyam kuma sau ɗaya a mako ko mako biyu. Kuma ka sa rai adadin zai ƙaru. Acropora da ta ninka girmanta za ta ƙara ci, lissafin watan nan ba zai yi maka aiki ba nan da wata huɗu.

Sai batun farin kofin nan naka. Abin da ka gani alli ne, ba wani abu ba. Da ka haɗa kalsiyam mai kauri da kabonet mai kauri a wuri ɗaya, sai suka yi a cikin kofi abin da murjani ya kamata ya yi a jikinsa: suka zama kalsiyam kabonet, suka daskare. Wannan gari ba ya sake narkewa a ruwan tanki, don haka maganin ranar ya tafi a banza. Ba guba ba ne, hazon zai kwanta ko matata ta kama shi. Ka wanke audugar tacewa, ka sake awo, shi ke nan. Illarsa ɗaya ce: ƙwayoyin allin nan sukan zama iri, wani kalsiyam da kabonet su riƙa manne musu, sai ka ga lambobinka sun ɗan ƙara faɗuwa na kwana ɗaya ko biyu. Kada ka firgita ka danƙara magani a kai. Daga yau, kowanne a zuba shi shi kaɗai, sannu a hankali, a inda ruwa ya fi gudu, kamar gaban famfon da ke maida ruwa tanki, a bar tazarar ko da minti goma sha biyar tsakaninsu. Gara ma ka raba mililita 70 ɗin kashi biyu ko uku a yini. Ƙaramin famfon ɗiga magani mai agogo shi ya fi kowa iya wannan aikin, don yana iya raba shi kashi ashirin da huɗu ba ya mantuwa.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba, kuma shi ne ya fi damuna: magnisiyam. A ruwan teku yana kusan 1,280 zuwa 1,300 ppm, ninki uku na kalsiyam. Ruwan teku ya riga ya ɗauki kalsiyam da kabonet fiye da yadda ya kamata su zauna a narke, magnisiyam ne ke hawa kan duk ƙwayar allin da ta fara haɗuwa ya hana ta girma. In ya faɗi ƙasa da 1,200, sai ka yi ta zuba magani kamar kana zuba ruwa a kwando. Alamar tana fitowa a wurare masu zafi: ka ciro na'urar ɗumama ruwa ka ga farin ɓawo ya lulluɓe ta, ka kankara da farce yana ɓarewa kamar ƙwanson ƙwai, ko famfo ya fara ƙara, ka buɗe ka tarar sandar da ke juyawa ta ƙage, ko yashi ya dunƙule ya zama dutse. Ka nemi kayan awon magnisiyam kafin ka ƙara komai. In ya yi ƙasa, ɗaga shi zuwa 1,250 ko 1,350, amma kada ya wuce ƙarin 100 ppm a rana. Tun kafin wannan ma, ka tabbatar gishirin ruwanka yana kan 35 cikin dubu, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. In ruwan ya yi salam, duka ukun za su nuna ƙasa, kuma maganinsa gishiri ne.

Wace lamba za ka nufa? Ko'ina tsakanin 7 da 11 dKH murjani na rayuwa, kalsiyam kuma tsakanin 380 da 450. Ni a wurinka 8 zan riƙe. Abin da ke kashe Acropora ya fi yawa a lilo: yau 7, gobe 10, jibi 8. Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna. Na dawo daga tafiya na tarar alkaliniti ya faɗi ƙasa da 6, zuciyata ta tsinke, na maida shi 9 a dare ɗaya. Bayan kwana biyu kawunan rassan Acropora da na fi so suka yi fari, naman ya zame ya bar ƙashi tsirara, ina kallo ba yadda zan yi. Da na bi a hankali, ƙarin da bai wuce 1 dKH a rana ba, da ba ta kai haka ba. Kuma in nitret da fosfet ɗinka, wato sinadaran da dattin halittun tanki da ragowar abinci ke bari a ruwa, sun yi ƙasa ƙwarai har ba sa nunawa a awo, ka ƙara nisantar manyan lambobi. A irin wannan ruwan, alkaliniti mai yawa ya fi saurin ƙona kawunan rassa.

Wasu sukan yi amfani da sodiyam kabonet maimakon bekin soda. Ya fi ƙarfi, giram 1.9 ke yin aikin giram 3, kuma yana ɗaga pH, wato yana rage tsamin ruwa, abin da ke taimakawa a ɗakin da ba ya samun iska sosai, inda pH kan sauka. In ka zuba shi za ka ga ɗan farin gajimare ya tashi ya ɓace cikin daƙiƙu kaɗan. Wannan magnisiyam haidiroksayid ne, yana narkewa da kansa, ba irin na kofinka ba ne. Bekin soda kuwa yana ɗan sauke pH na ɗan lokaci. In pH ɗinka yana tsakanin 8.0 da 8.3, bekin soda ya wadatar.

Hanyar kwalba biyu tana da wutsiya guda da ya kamata ka sani. Murjani ya ɗauki kalsiyam da kabonet, ya bar maka kulorayid da sodiyam, wato gishiri. A adadinka kusan giram 3 da rabi ne kullum. Ba ya da yawa a ido, amma a shekara zai iya ɗaga gishirin tankinka da kusan 5 cikin dubu in ba a kula ba. Ka riƙa dubawa duk mako. In ya hau, ɗebi kaɗan daga ruwan tanki ka maida ruwan RO. Canjin ruwa na yau da kullum shi ke daidaita sauran ma'adanan.

A girman tankinka akwai wata hanyar da nake ƙauna, wadda masu kiwon murjani a Jamus suka yaɗa, har sunanta na Jamusanci ne ya bi ta: Kalkwasser, wato kalsiyam haidiroksayid da aka narka a ruwan RO. Kyawunta shi ne tana kawo kalsiyam da alkaliniti tare, daidai yadda murjani ke ci, kuma ba ta barin gishiri. Ruwan ba ya ɗaukar fiye da giram 2 a lita, sauran ya kwanta a gindi. Na saman mai haske ake amfani da shi. Lita ɗaya da rabi a rana zai biya bukatarka ta yanzu, don haka in tankinka na ƙafewa da lita biyu a yini, za ka iya sa shi a cikin ruwan da kake cike gurbin wanda ya ƙafe da shi. Amma pH ɗinsa ya haura 12, ɗiga shi ake yi, da dare ya fi, ba a juye shi. Ka kiyaye idonka da hancinka daga ƙurar garin. Iyakarsa ita ce yawan ruwan da ke ƙafewa, ranar da murjaninka suka fi ƙarfinsa sai ka haɗa da kwalba biyu. Na'urar da ke narka tsakuwar aragonayit da iskar kabon dayoksayid kuwa, ta manyan tankuna ce masu cike da murjani masu tauri, ba ka kai can ba tukuna.

Yau dai ka auna gishiri da magnisiyam. Gobe ka fara mililita 70 daga kowace kwalba, a raba sau biyu, ka ƙara giram 4 na bekin soda a kan haka na kwana biyu don ka hau daga 7 zuwa 8, sannan ka tsaya a kan 70 ɗin. Ka rubuta awon kowace rana a littafi, bayan mako ɗaya ka aiko mini da lambobin bakwai tare da na magnisiyam, mu gyara adadin tare.