Zaƙami ba shi ne maganin damuwar da ake gwadawa a Amurka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ƙanena ya yi wata takwas cikin ciwon damuwa, ya daina zuwa fada wajen abokansa, abinci ma sai an matsa masa. Mun gani a Facebook wai Turawa na warkar da ciwon da wata laimar kwaɗi mai sa gane-gane. Wani mai magani ya ce zaƙami ne irinta na gida, a jiƙa ƴaƴansa cikin shayi a ba shi. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata ƴar'uwa a Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malama, kada ki yarda ko ƙwaya ɗaya ta zaƙami ta shiga bakin yaron nan.

Binciken da kuka gani akwai shi. Sinadarin da ke cikin laimar kwaɗin sunansa silosaibin, jami'ar Johns Hopkins ta farfaɗo da aiki a kansa a 2006. A babban gwajin da aka fitar a 2022, mutum 233 waɗanda sauran magunguna suka kasa musu ne suka shiga. Cikin waɗanda aka ba miligiram 25, kashi 29 cikin 100 sun samu sauƙi sarai a mako na 3, amma zuwa mako na 12 kusan ɗaya cikin biyar ne sauƙin ya ɗore musu. Kuma awo ne na ɗakin bincike. Ana tantance mutum tukuna, a cire duk mai tarihin taɓin hankali ko a danginsa, sannan ƙwararru su zauna da shi awa 6 zuwa 8 suna duba hawan jininsa, don wanda ke cikin wannan hali ba ya iya kare kansa. Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi a 2023, da sharuɗɗa masu tsauri.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan magana ta "ai duk gane-gane ne, kuma ganye ba ya cutarwa". Ƙarya ce, tana kuma kashe ƴaƴan mutane. Ba banza ba kakanninmu suka sa wa zaƙami suna haukata-yaro. Silosaibin ta hanyar serotonin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, yake aiki, mutum ya san inda yake, ana iya magana da shi. Zaƙami kuwa atiropin da sikofolamin ne a cikinsa, suna toshe saƙon jijiyoyin da ke tafiyar da gumi da yawu da fitsari da bugun zuciya. Baki ya bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta yi ta gudu, mara ta cika fitsari ya ƙi fita. Za ki ga mutum yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana hira da bango, bai gane uwar da ta haife shi ba. Yakan kwana ɗaya ko biyu a haka, ya farka bai tuna komai ba. Ga shi gumi ya tsaya. A zafin Afrilu na garin nan, jikin da ba ya gumi dahuwa yake daga ciki, daga nan sai jijjiga da suma.

Mai maganin zai ce ya san awo. Ina ya auna? Ƙarfin dafin yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa ƴaƴa, daga damina zuwa rani. Tafin hannun da wani ya sha ya tashi, shi ne zai kwantar da wani. In kuma ƙanen naki yana shan amitiriptilin, wani maganin damuwa na asibiti, hatsarin ya ƙaru, don su biyun hanya ɗaya suke toshewa. Laimar kwaɗin da ke fitowa a juji da damina ita ma kada a taɓa, wasu irinta sai bayan kwana uku hanta take lalacewa.

In wani ya riga ya sha zaƙami, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai, kada a ɗaure shi ko a dake shi. A jiƙa zane a lulluɓa masa, ana yi masa fifita a hanya.

Shi kuma ƙanenki, ku kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kada a yanke shi don an ga shiru. Ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, a kawar da ƙwayoyi da maganin ƙwari daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.