Amsa: me ya sa mawaƙa mata ke sauya shiga da zarar sun girma?

Hajiya, kin tambayi abin da ke sa 'yan matan nan mawaƙa fara nuna tsiraici da zarar sun cika 18. Ni dai a ganina harkar kasuwa ce. Wadda ta taso a Disney, kamfanin nan na shirye-shiryen yara na Amurka, yara ne masoyanta, kuma yara girma suke yi, sai kamfanin waƙa ya nemo mata sababbin masu saye. Dubi mawaƙiyar Amurka Miley Cyrus: 2011 shirinta na yara ya ƙare, 2013 ta hau dandalin tashar waƙoƙi ta MTV da ɗan kamfai, duniya ta ɗauka. Surutun nan shi ne tallar. Wasu kam ra'ayinsu ne, sun gaji da kallon yarinta da ake musu. Ko nan Legas, tambayi samarinmu na Agege masu dakon kaya wajen ɗaukar bidiyo a Lekki, sau da yawa mai biyan kuɗin ke zaɓar tufafin.