Wane Gari Za Ka Kai Yara Kallon Hoki?

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin jin kuna lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Ka ce tun da aka sa babban a makaranta a Kingston ba shi da zance sai hokin ƙanƙara, ƙanwar ma ta kamu, har kun yanke shawarar ɗaukar kwana uku cikin hunturun nan ku kai su su ga babban wasa da idonsu. Kana tambaya wane gari mutanen Kanada suka saba kai iyali, Toronto ko Montreal ko Ottawa. Kana kuma son sanin yadda ake zama a wurin don kada ku yi abin da za a juyo a dube ku, da ko ya dace a je da mace da 'ya mace.

Ta ƙarshen ba ta da wuya. Ka je da su. Filin hoki a ƙasar nan wurin iyali ne, za ka ga kaka da jika, za ka ga mai goyo, za ka ga mata da hijabinsu ba wanda ya kula su. Mata ma suna da gasarsu ta ƙwararru, PWHL, wadda ta fara a watan Janairun 2024, kuma Toronto da Montreal da Ottawa kowa yana da ƙungiya a ciki. In ka bar amaryata a otal ka tafi da yayanta, ni da kai ne.

Batun gari kuwa, ba wata al'ada da ta ce sai wuri kaza. Abin da na gani a wurin maƙwabtana, tun zaman da na yi a Montreal kafin aiki ya dawo da ni Calgary, shi ne uba ba ya zaɓar gari, yaro ne yake zaɓa ta hanyar rigar da yake sawa. Saboda haka kafin ka sayi tikiti ka tambayi jikana wace ƙungiya yake so. Kingston tana tsakiya, ajinsu ba zai rasa 'yan Maple Leafs ta Toronto da 'yan Canadiens ta Montreal da 'yan Senators ta Ottawa ba, kuma na tabbata ya riga ya shiga wani ɓangare ko da bai gaya maka ba. Tsakanin magoya bayan Toronto da na Montreal akwai tsokana irin ta Kanawa da Zage-zagi, ana gadonta daga kaka. In ya ce Toronto, to maganata ta ƙasa ka rage mata ƙarfi. In bai tsayar ba, ka kai su Montreal.

Ga dalilina. Kwana uku kaɗan ne, kuma a cikin sanyin Janairu ko Fabrairu abin da ke cinye tafiyar masu yara shi ne zirga-zirga: a sa riga, a cire riga, a nemi wurin ajiye mota, wani ya ce fitsari. A Montreal jirgin ƙasa na VIA zai sauke ku a babbar tasha a tsakiyar gari, filin Canadiens kuma, wato Centre Bell, tafiyar ƙafa ce daga nan. Akwai hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa tashoshi da kantuna da otal-otal, tsawonsu ya haura kilomita 30, sai mutum ya wuni bai taka dusar ƙanƙara ba. Daga Kingston bai kai awa uku a jirgin ba. Ka bar motarka a gida. Babbar hanyar 401 ranar da aka yi dusa ba wurin koyon tuƙin hunturu ba ne.

Sannan garin ne tushen abin. A nan aka buga wasan hoki na farko mai tsari a cikin gini, ranar 3 ga Maris 1875, a wani fili da ake kira Victoria Skating Rink, mutum tara-tara, da ɗan faifan katako maimakon na roba da ake bugawa yau. Wurin yanzu garejin ajiye motoci ne, kusa da Centre Bell, ba abin kallo, amma kana iya nuna wa yaro da yatsa. A garin aka kafa NHL, babbar gasar hoki ta ƙwararru, a 1917. Ƙungiyar Canadiens kuwa ta girmi gasar, tun 1909 take, ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sau 24, ba wadda ta kamo ta, ko da yake rabonta da shi tun 1993.

A wajen filin akwai mutum-mutumin manyan 'yan wasansu huɗu. Ka tsaya a na Maurice Richard ka ba yaran labarinsa, domin in ba su san shi ba ba za su fahimci ihun da za su ji a ciki ba. Shi ne ya fara cin ƙwallo 50 a wasa 50, a kakar 1944 zuwa 1945. A 1955 ya bugi wani mataimakin alƙalin wasa, shugaban gasar Clarence Campbell ya dakatar da shi har ƙarshen kaka. Masu jin Faransanci suka ɗauki hukuncin a matsayin wulaƙancin da masu jin Turanci suka saba yi musu, ranar 17 ga Maris gari ya hargitse, aka farfasa kantuna a titin Sainte-Catherine, sai da Richard ya shiga rediyo ya roƙi jama'a su yi haƙuri. A wurinsu ƙungiyar nan ta wuce wasa, tana cikin abin da suke gane kansu da shi. Shi ya sa mutum fiye da dubu ashirin za su cika filin ko ƙungiyar tana ƙasan tebur.

Yanzu ka saurare ni a nan, domin nan ne ake zubar da kuɗi. Tikitin Canadiens na daren Asabar yana da tsada, Asabar ce daren hoki a ƙasar nan tun zamanin rediyo, kuma abin da kuɗinka zai iya saya wa mutum huɗu kujerun can sama ne kusa da rufi, inda yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya bin faifan da ido ba. Wasan sai ƙarfe bakwai na dare ake farawa, kafin a tashi ƙaramar ta yi barci a kafaɗarka. Maimakon haka, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Montmorency a Laval, ƙarshen layi, za ka tarar da Place Bell. Nan Laval Rocket suke wasa, ƙungiyar da Canadiens ke renon 'yan wasanta a ciki, nan kuma ƙungiyar mata ta Victoire take karɓar baƙi. Kujera kusan dubu goma ce, kuɗin bai kama ƙafar na babban fili ba, a ƙarshen mako sukan yi wasan rana. Za ku zauna kusa da gilashin da ya kewaye ƙanƙarar, yara su ji ƙarar takalmi yana yankar ƙanƙara, su ji yadda katanga take girgiza idan an haɗa mutum da ita. Abin da za su riƙa ba da labari ke nan a makaranta. In aljihu ya yarda ka yi duka biyun, ka yi. In ɗaya ne, ni Laval zan zaɓa, sannan ku je Centre Bell da rana ku ɗauki hoto ku shiga kantin riguna.

Toronto tana da abu ɗaya da ba wanda yake da shi, gidan tarihin hoki, Hockey Hall of Fame, a mahaɗar titin Yonge da Front, 'yar tafiya daga tashar Union. A cikin wani tsohon ginin banki yake, kuma asalin kwanon azurfar da gwamna Lord Stanley ya bayar a 1892 yana ajiye a ɗakin da bankin yake ɓoye kuɗi. Yara suna iya tsayawa su ɗauki hoto da kofin, akwai kuma wurin da za su riƙe sanda su gwada cin mai tsaron raga na kwamfuta. A nan za ka nuna musu Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin ƙungiyar garinmu, Calgary Flames. Ka kuma ba su labarin Nazem Kadri, Musulmi haifaffen London ta Ontariyo, da ya ci kofin da Colorado a 2022 ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu. Amma tikitin Maple Leafs yana cikin mafi tsada a gasar baki ɗaya, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1967. Gidan tarihin kuma ba ya gudu, a buɗe yake rani da damina, kuna iya zuwa ranar wata Asabar ku dawo a ranar. Kada ka kashe masa hutun hunturu.

Ottawa ta fi kusa da ku, amma filin Senators yana Kanata, can yamma da gari, sai da mota ko doguwar bas. Abin da take taƙama da shi shi ne magudanar Rideau da ke daskarewa a yi zamiya a kanta kilomita 7.8. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ya dogara ga sanyi: a hunturun 2022 zuwa 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe ta ba. Ba a gina tafiya a kan abin da yake hannun yanayi.

Akwai na huɗu da ba ka ambata ba, birnin Kebek. Tun 1995 ba su da ƙungiya a NHL, Nordiques ta koma Denver, amma kowace Fabrairu suna yin gasar yara 'yan shekara 11 da 12 da ake zuwa daga ƙasashe da yawa, tun 1960 ake yin ta, su Wayne Gretzky da Guy Lafleur duk sun buga suna yara. Yaro ya ga sa'anninsa suna wasa a gaban dubban mutane, wannan wani abu ne. Sai dai daga Kingston tafiyar ta yi nisa ga kwana uku, otal kuma yana wuya saboda bikin hunturu na garin yana faɗowa a watan. Ka ajiye shi sai sun ƙara girma.

Zaman wurin kuma ba shi da wahala in ka kiyaye 'yan abubuwa. Ku isa da wuri. Kamar rabin awa kafin a fara 'yan wasa suke fitowa motsa jiki, a lokacin yara sukan sauka bakin gilashi da kwali a hannu suna roƙon faifai, wani ɗan wasan yakan jefo musu ta sama. Ka sa su rubuta nasu tun a gida. Idan aka zo taken ƙasa kowa yana miƙewa, maza suna cire hular hana-salla. Mayafi ko hijabi ba wanda zai ce a cire. Wasan kashi uku ne, minti ashirin-ashirin, da hutu biyu a tsakani. Babbar doka, wadda baƙi suka fi karyawa, ita ce ba a tashi daga kujera ko a koma mata alhali faifai yana tafiya. Sai alƙali ya busa usur. Ma'aikacin ƙofa zai tare ka da hannu, ba raini ba ne, haka ake yi wa kowa. Idan ɗan wasa ɗaya ya ci uku a wasa guda za ka ga huluna suna sauka a kan ƙanƙara kamar ruwa, al'ada ce, kuma ba a dawo da su, don haka zanna-bukar ɗinka ta zauna a kanka ko a akwati.

Abu biyu ka shirya wa yaran tun kafin su gani. Na farko faɗa: wani lokaci mutum biyu za su yar da safar hannu su dambace, alƙalai su tsaya kallo na ɗan lokaci, jama'a na ihu, sannan a kai kowa ɗakin horo na minti biyar. A wasan manya maza ne ake haƙuri da wannan, a wasan yara kora ce nan take, ka faɗa wa jikana haka ƙarara. Na biyu giya: ana sayar da ita a filin, na kusa da ku zai iya riƙe kofi. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, amma ba kowace jela ba. Wasu filayen suna ware sashen iyali da ba a sha a ciki, ka duba lokacin sayen tikiti. Wasan rana ma ya fi tsabta ta wannan fuskar.

Salla ba za ta ba ku matsala ba. Rana tana faɗuwa tun wajen huɗu da rabi zuwa biyar da 'yan mintoci, kun yi magariba a otal kafin ku fita. Amma ka duba kalanda, domin a shekarun nan azumi cikin hunturu yake kamawa, ba daɗi ka ja yara yawo kana ƙirga awoyi. Abinci ku ci a waje ku shiga da cikinku, na filin ga tsada ga shakkar abin da aka yi tsiran da shi. Montreal cike take da 'yan Aljeriya da Maroko da Lebanon, naman halal ba abin nema ba ne, musamman a titin Jean-Talon ta gabas da unguwar Côte-des-Neiges. In yaran sun nace sai sun ci poutine, dankalin nan da cuku da romo, ku ci a gidan abincin Musulmi saboda romon.

Safiya ɗaya kuma ka ware ta su hau ƙanƙarar da kansu. A kan dutsen Mont-Royal akwai fili a Lac aux Castors, ana ba da hayar takalma a wurin. Hular kwano dole, safar hannu mai kauri dole, safar ƙafa guda ɗaya mai kyau ta fi biyu da za su matse yatsu jini ya ƙi gudu. Kai ma ka ɗaura, ko da bakin katanga za ka riƙe. Otal ɗin ka nemi mai wurin ninƙaya a ciki, kusa da tashar Bonaventure ko Lucien-L'Allier, ka kuma kama ɗaki da wuri in ranar hutun iyali kuke nufi, Litinin ta uku a Fabrairu, domin rabin Ontariyo a ranakun suke fita.

Ka gaishe min da mai ɗakinka, ka ce wa amaryata ina jiran hoto.

Kawunka.